Zirin LED mai ƙaramin bolt: dalilin dusashewar haske da yadda ake wayarin ɗin da zai daɗe

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina cikin ginin gida, ba a yi filasta ba tukuna, ba a kuma rufe silin ba. Ina so in sa zirin fitilar LED irin wanda ake ɓoyewa a silin, a riƙa kunna shi da rage haskensa ta wayar hannu. Zagayen falo mita 18 ne, ƙarƙashin kabad ɗin kicin mita 4, korido mita 6. Na sayi ziri mai bolt 12, an rubuta wat 14.4 a kowace mita, da akwatin wuta ɗaya mai amfiya 30. Da na jona mita 10 don gwaji sai farkon ya yi haske tar, ƙarshen ya dusashe, wayar da na yi amfani da ita kuma ta ɗau zafi. Jabu aka sayar mini ko ni ne na yi kuskure? Wanne zan bi, Wi-Fi ko Zigbee? Tunda wannan wutar ba ta jan mutum, zan iya yin aikin da kaina?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka uku ce a dunƙule: me ya dusashe hasken ya kuma zafafa wayar, ta wace hanya fitilun za su riƙa karɓar umarni, sannan ina iyakar abin da hannunka zai taɓa. Ka yi dace da ka tambaya yanzu, bulo yana tsirara. Tun ran gini ran zane. Kwantirola, wato na'urar da ke karɓar umarni ta kunna ziri ko ta rage haskensa, da manhaja za ka sauya su sau biyu ko uku kafin gidan ya tsufa, amma wayar da aka binne a bango tana nan har jikoki. Don haka mafi yawan amsata a kan waya za ta tafi, ko da yake na san kunna fitila daga kan kujera shi ne abin da ya ja ka.

Abin da ya faru a gwajinka

Ba lallai kayan jabu ba ne. Abin da ka gani shi kowane zirin bolt 12 zai yi idan aka jona masa mita 10 daga baki ɗaya. Wat shi ne bolt sau amfiya. Idan ka rage bolt kana son haske iri ɗaya, dole amfiya ta ƙaru, kuma amfiya ce ke zafafa waya, ba bolt ba. Mita 10 na zirinka wat 144 ne, wato amfiya 12 a kan bolt 12. Duk wannan amfiyar sai ta bi ta siririyar wayar da ka jona, sannan ta bi ta 'yar shimfiɗar jan ƙarfen da ke jikin zirin kansa, wadda kaurinta bai kai na takarda ba.

Kowace waya tana da turjiya, kuma turjiyar nan tana cinye wani ɓangare na bolt a hanya. Wayar jan ƙarfe mai kauri 1.5, wato milimita murabba'i ɗaya da rabi, tana da turjiyar om 0.012 a kowace mita. Wuta zuwa take yi ta dawo, saboda haka tazarar mita 10 waya ce ta mita 20, om 0.24 ke nan. Ka ɗauki ziri mai mita 5, wat 72. A kan bolt 12 yana jan amfiya 6, sai bolt ɗaya da kusan rabi ya zube a hanya, kashi 12 cikin ɗari. A kan bolt 24 zirin mai haske iri ɗaya amfiya 3 kawai yake ja, abin da ke zubewa bolt 0.7 ne, kashi 3 cikin ɗari. Waya ɗaya, tazara ɗaya, haske ɗaya, amma asarar ta ragu ninki huɗu. Zafin da wayar ke fitarwa ma haka: kusan wat 9 a na farko, wat 2 da 'yan kai a na biyu.

Akwai dalilin da ya sa bolt ɗaya da rabi yake nunawa a ido sosai. Farin ƙwayar LED tana bukatar kusan bolt 3 kafin ta haska. A zirin bolt 12 ana jera uku-uku, shi ya sa za ka ga alamar yanka bayan kowace ƙwaya uku. Ukun nan sun ɗauke kusan bolt 9, ragowar 3 su ne ke faɗawa kan 'yar resistar da ke ƙayyade musu amfiya. Idan bolt ɗaya da rabi ya ɓata kafin ya iso, daga wannan ragowar ukun aka cire, wato kusan rabin abin da ke tura wuta ya tafi. A zirin bolt 24 shida-shida ake jerawa, ragowar kusan bolt 6 ce, asarar 0.7 ba ta yi mata komai. Idan zirin mai launuka ne, za ka ga ƙarshen ya koma ja-ja ko rawaya-rawaya, domin jar ƙwaya bolt 2 ya ishe ta, shuɗiya da koriya kuwa su ne ke fara gazawa.

Sai lissafin gidan gaba ɗaya. Mita 28 sau 14.4 ya ba da wat 403, amfiya 33.6 a kan bolt 12. Akwatin da ka saya, wanda masu sana'a ke kira direba, amfiya 30 ne ƙarshen ƙarfinsa. Ko da babu matsalar waya, bai isa ba. Ƙa'idar da muke bi ita ce kada a ɗora wa direba fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta a jikinsa, domin wanda ke aiki a ƙurewar ƙarfinsa zafi yake yi, zafi kuma shi ke busar da kafasitocin cikinsa.

Shawarata kai tsaye: idan za a karɓi zirin a musanya maka da mai bolt 24, ka musanya. Idan ba za a karɓa ba, ka yi amfani da shi a kicin, inda mita 4 ne kuma direba zai zauna kusa, ka sayi na bolt 24 don falo.

Yadda zan raba gidan

Ba na son direba ɗaya ƙato ya ciyar da gida duka. Ranar da ya mutu gida ya yi duhu gaba ɗaya, kuma wayoyin da za su fita daga gare shi zuwa ɗakuna masu nisa sai sun yi kauri sosai. Gara wutar gida ta AC ta yi doguwar tafiya, tunda ita amfiyarta kaɗan ce, ƙaramar wutar DC ta yi gajeriya. Kowane sashe da direbansa, a cikin tazarar da ba ta wuce mita 10 ba daga fitilunsa.

Falo wat 259 ne. Ka raba zagayen gida huɗu bisa ga bangon, misali 5, 4, 5, 4, kowane yanki da wayarsa tun daga direba. Kada ka jona bakin wani yanki da wutsiyar wani. Direba biyu masu wat 200 sun fi mini ɗaya mai wat 350, domin yawancin manyan suna da fanka a ciki, kuma ƙarar fanka a falo da dare abu ne da mai gida ba ya yafewa. Kowane ɗaya zai ɗauki mita 9, kusan wat 130. Wayar 1.5 ta isa kowane reshe idan tazarar ba ta wuce mita 10 ba. Idan ta kai 15, ka hau zuwa 2.5, wadda turjiyarta om 0.0074 ce a mita. Abin da ake nema shi ne kada zubewar ta wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Kicin wat 58 ne, direba mai wat 75 ya wadatar. Korido kuwa, ban ga dalilin sa masa ziri mai wat 14.4 ba. Wuri ne na wucewa, mai wat 4.8 a mita ya isa, mita 6 bai kai wat 30 ba, kuma ba zai kashe wa mai tashi cikin dare ido ba.

A bisa al'ada zirin bolt 12 ana ba shi wuta duk bayan mita 5, na bolt 24 duk bayan mita 10. Idan ka ga dole sai ka yi doguwar jera, ka ba ta wuta ta baki biyu ko ta tsakiya, amma daga direba ɗaya. Kada fozitib ɗin direbobi biyu ya haɗu ta cikin ziri, domin bolt ɗinsu ba ya taɓa zama daidai, ɗaya zai riƙa ɗaukar nauyin ɗaya. Haka nan akwai 'yar kusa a jikin wasu direbobi da ake murɗawa a ƙara bolt. Mutane kan murɗa ta don ƙarshen ziri ya yi haske, sai farkon ya sha wutar da ta fi ƙarfinsa ya riga sauran mutuwa. Maganin zubewa kaurin waya ne.

Ka duba wayar da kake saya da kyau. Akwai wadda cikinta alminiyon ne aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Turjiyarta ta kai kusan ninki ɗaya da rabi na jan ƙarfe zalla, kuma tana karyewa a wurin ɗauri. Ka kankare sili ɗaya na cikin wayar da wuƙa, idan fari ya fito ka ajiye ta. Araha ba ta ado.

Wurin ajiye direba ya zama inda iska ke shiga kuma hannu ke kaiwa ba tare da an fasa silin ba. Na taɓa zuwa wani gida inda aka rufe direbobi shida a cikin silin babu ko ƙofar leƙawa. Biyu suka mutu, sai da aka yanka silin a wurare uku kafin a gano inda suke, tunda babu wanda ya zana taswirar aikin. Tun daga ranar ba na barin wurin aiki sai na ɗauki hoton kowane bango kafin filasta, na kuma rubuta suna a bakin kowace waya, nan da can.

Ba ta jan mutum, amma tana ƙona gida

Nan ne nake so ka tsaya sosai. Gaskiya ne bolt 12 ko 24 ba ya jan mutum a busasshen wuri. Ƙa'idojin hukumar IEC sun sa iyakar abin da ake kira ƙaramar wuta a bolt 50 na AC da 120 na DC. Amma gobara ba ruwanta da bolt. Direbanka mai amfiya 30 yana da kariya idan wayoyi biyu suka haɗu gaba ɗaya, zai yanke. To idan haɗuwar rabi-rabi ce fa, kamar ƙusa ta huda waya ko danshi ya shiga mahaɗa? Direban zai ci gaba da tura amfiya 20 ko 25 cikin wayar da aka yi don amfiya 6, a wurinsa wannan aiki ne na yau da kullum. Birekar gida ma ba za ta faɗi ba, domin ta ɓangarenta amfiya biyu ko uku kawai take gani. Wayar za ta yi ta zafi a cikin silin har robarta ta narke.

Saboda haka kowane reshe sai an sa masa fiyus a kan fozitib, dab da direba. Fiyus waya yake karewa, don haka ana zaɓarsa ya ɗan fi abin da reshen ke ja, ya kuma gaza abin da wayar za ta iya ɗauka. Reshe mai amfiya 3 a kan wayar 1.5, fiyus mai amfiya 5. Irin na mota mai ƙafa biyu yana aiki, domin an yi shi don bolt 32 na DC, kuma ana samun akwatinsa mai gurbi shida ko goma sha biyu. A Amurka dokar wayarin ta bi ta wata hanyar: ta ware wani aji na direbobi da ba sa wuce wat 100 a kowace mafita, shi ya sa ake yawan ganin masu wat 96 a bolt 24 da masu wat 60 a bolt 12. Manufar ɗaya ce, kada wata waya ta samu wutar da ta fi ƙarfinta.

Wuri na biyu da wuta ke tashi shi ne mahaɗa. Ɗaurin da bai yi ƙarfi ba turjiya ce, amfiya mai yawa a kan turjiya kuma zafi ne. Kada ka murɗa wayoyi biyu ka naɗe da salatif. Kada kuma ka shafa wa bakin waya dalma sannan ka ɗaure shi da sukuru, domin dalma tana lotsawa a hankali, bayan wata shida ɗaurin ya saki. Waya mai silli-silli ana sa mata 'yar hular ƙarfe a matse da filaya ta musamman, ko a yi amfani da mahaɗa mai maɗanni irin ta Wago. A jikin zirin kansa kuwa dalma ce ta fi. 'Yan mahaɗan roba masu kamawa da ake sayarwa tare da ziri suna da sauƙi, amma yawancin kiran da nake samu na "rabin fitila ya mutu" a kansu nake tarar da matsalar.

Zirin ma yana da nasa zafin. Mai wat 14.4 a mita ba a manna shi a katako ko filasta kai tsaye. Ana sa shi cikin kwararon alminiyon, wanda ke janye zafin, murfinsa mai hazo kuma ya ɓoye ɗige-ɗigen ƙwayoyin. A cikin ɗaki ka sayi tsirara mai alamar IP20. Mai rufin roba don waje ne da wurin ruwa, yana riƙe zafi, kuma robar marar kyau tana komawa rawaya. Don kicin ka nemi wanda lambar CRI ɗinsa ta kai 90, domin launin abin da ke kan tebur ya fito yadda yake. Launin hasken kuwa, falo 2700K zuwa 3000K, wato fari mai ɗumi, kicin 4000K, wanda ya fi shi fari.

Kwantirola da adadin wayoyi

Jerin haka yake: wutar gida, direba, fiyus, kwantirola, ziri. Kwantirola ba rage bolt take yi ba. Kunna wutar take yi tana kashewa sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa, idan rabin lokacin a kunne take sai hasken da ke fita ya zama rabi. Ana kiran wannan PWM. Masu arha suna yi a hankali, sau ɗari biyu ko uku a daƙiƙa, sai ka ga layuka a kyamara, wasu mutane kuma yana sa su ciwon kai. Ka nemi wadda ta kai dubu ɗaya zuwa sama, fiye da haka ma ya fi. Kada ka haɗa direba na gama-gari da makunnin rage haske na bango irin na tsofaffin ƙwayaye, zai yi ta ƙara yana ƙyafta haske har ya lalace.

Kusan duk kwantirololin nan negatib suke yankewa, fozitib ɗaya ne na kowa. Daga nan adadin wayoyin da za ka ja ya fito. Fari zalla waya biyu. Fari mai sauyawa daga ɗumi zuwa sanyi uku. Mai launi uku waya huɗu, idan da fari biyar, idan da fari iri biyu shida. Wannan ne ya kamata ka yanke kafin a rufe silin. Ni a falo kebul mai waya biyar ko shida nake ja ko da mai gida fari zalla yake so yau, ragowar su jira. Ka tuna fozitib ɗin nan ɗaya shi ke ɗauke da jimillar amfiyar duk launukan, shi ne bai kamata ya yi siriri ba. Ka kuma karanta lambobi biyu a jikin kwantirola: abin da kowace hanya ke ɗauka, da jimillar duka. Ta biyun ce ake yawan wucewa ba a sani ba. Ga falonka, kowane direba da kwantirolarsa, a haɗa su rukuni ɗaya a manhaja.

Idan nan gaba ka ƙara ƙananan fitilun silin masu haska wuri ɗaya, ka lura da yawansu direban amfiya tsayayya suke so, 350mA ko 700mA, kuma jere ake haɗa su. Idan ka ba su bolt 24 kai tsaye nan take za su ƙone.

Wi-Fi ko Zigbee

Kwantirola huɗu kawai kake bukata yanzu, kuma Wi-Fi zai ɗauke su ba wahala, babu sayen wata na'ura. Matsalarsa biyu ce. Rautar gida ta kan fara gajiya idan na'urori suka yi yawa, sannan da yawa daga masu arha sai umarni ya je kwamfutocin kamfani ta intanet ya dawo kafin fitilar da ke saman kanka ta kunnu. Wannan ba tsoron banza ba ne. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, masu amfani da shi suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki, sai daga baya wasu daga cikinsu suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. Waɗanda makunnansu na bango ke magana da fitilu kai tsaye, su gidajensu ba su yi duhu ba.

Zigbee yana bukatar 'yar cibiya guda, amma kowace na'ura da ke kan wuta kullum tana miƙa wa maƙwabciyarta saƙo, don haka yawansu ƙarfi yake ƙara musu. Makunnansa masu batir suna daɗewa, kuma ana iya ɗaura makunni da kwantirola kai tsaye ta yadda ko cibiyar ta mutu za su ji juna. Shi da Wi-Fi duka a kan zangon 2.4GHz suke, don haka a zaɓa masa tasha 15, 20 ko 25 don rage karo. Matter, wanda ya fito a watan Oktoban 2022, ba wani sabon rediyo ba ne, yare ne ɗaya da na'urorin kamfanoni daban-daban ke yi a kan Wi-Fi ko Thread, wani rediyo mai kama da Zigbee, kuma a cikin gida yake aiki ba sai da intanet ba. Ga gidan da ake ginawa yanzu, wanda na san za a ƙara na'urar gane motsi a korido da wasu fitilun nan gaba, Zigbee zan zaɓa, da cibiyar da ke aiki a gida, irin Home Assistant. Kada dai ka rufe kwantirola mai rediyo a cikin akwatin ƙarfe, saƙo ba zai fita ba. Direba a na ƙarfe, kwantirola a na roba.

Akwai tsare-tsare masu bin waya zalla, kamar DALI da KNX, waɗanda suka fi kowane rediyo tabbas. DALI waya biyu ne, layi ɗaya yana ɗaukar na'ura 64 har tazarar mita 300 a kan wayar 1.5. Ga sassa uku sun yi maka yawa, kuma saitinsu aikin wanda ya koye su ne musamman. Abu ɗaya dai ka riƙe: wayar DALI, duk da bolt ɗinta kusan 16 ne, ana ɗaukarta kamar wayar wutar gida wajen kariya.

Makunnin bango shi ne abin da nake faɗa a kansa da masu gida fiye da komai. Baƙo, yaro, tsoho, duk wanda ya shiga ɗaki bango yake lalubawa. Idan makunnin yana yanke wutar direba, da zarar an kashe shi kwantirola ta mutu, wayar hannu ba ta da amfani, idan Zigbee ne kuma an yanke wa wasu hanya. Abin da ake yi shi ne a bar direba a kan wuta kullum, a sa makunni mai dannawa ya dawo, irin na ƙararrawa, a ja masa siririyar waya zuwa kwantirolar da ke da gurbin makunni. Dannawa ɗaya kunnawa ko kashewa, riƙewa rage haske ko ƙarawa. Kebul ɗin intanet na Cat6 ya dace da wannan tunda waya takwas ne a ciki, amma don saƙo kawai, ya yi siriri da ciyar da ziri. Ka sa mai wayarin ya kai nutural cikin kowane akwatin makunni, ya yi akwatin mai zurfi, ya sa fayif mai milimita 25 da zaren ja a ciki. Fayif ɗin ƙaramar wuta daban, na wutar gida daban. A manhaja kuma ka saita abin da fitila za ta yi idan wuta ta ɗauke ta dawo, ta koma yadda take a da, don kada ɗakin barci ya haske da ƙarfe uku na dare.

Idan kana tunanin ciyar da zirin daga batir kai tsaye, ka sani batirin da ake kira na bolt 12 yana kaiwa 14.4 lokacin caji, na 24 kuma 28.8. Wannan ya fi ƙarfin ziri, sai an sa na'urar daidaita DC a tsakani.

Abin da za ka yi da kanka

Daga mafitar direba zuwa ziri, za ka iya, idan kana da maltimita da haƙuri. Daga allon birekoki zuwa mashigar direba kuwa aikin mai lasisi ne, kuma ƙasashe da yawa doka ce ta ce haka. Shi zai haɗa atin, wato wayar kariya da ke zuwa ƙasa, da jikin direba mai ƙarfe, ya rufe tsirarun sukurorin shigar wuta, ya duba ɗan makunnin zaɓen bolt 115 ko 230 da ke gefen wasu direbobi. Ka gaya masa adadinsu, domin direba yana fizgar wuta mai yawa a ƙiftawar farko ta kunnawa, idan suka taru a kan bireka ɗaya sukan kayar da ita, shi ya sa ake yawan sa musu bireka nau'in C, mai jure wannan fizgar. Ko an cire direba daga wuta, kafasitocinsa suna riƙe caji na ɗan lokaci, kada ka buɗe shi.

Lissafin da na yi maka a kan tsayin da ka ba ni ne da tazarar mita 10 da na ɗauka. Ka auna ainihin hanyar da fayif zai bi, da hawa da sauka, ka sake lissafin da wannan. Kafin ka manna komai, ka shimfiɗa kowane yanki a ƙasa cikin kwararonsa, da ainihin wayar da tsayinta, ka kunna shi a cikakken haske na awa ɗaya. Ka auna bolt a mafitar direba, a bakin ziri, da wutsiyarsa. A tsarin bolt 24, idan bakin ziri ya nuna ƙasa da 23, wayar ta yi siriri ko wata mahaɗa ba ta kama ba. Ka bi kowace mahaɗa ta ɓangaren DC da yatsa, wadda ta fi sauran ɗumi ka kwance ta ka sake. Daga nan ka cire kebul ɗin intanet daga rauta, ka kashe cibiyar ma, ka je bango ka danna kowane makunni ɗaya bayan ɗaya. Idan duk sun amsa, ka kira mai silin ya rufe.